Daga Kaset Zuwa Memori: Yadda Jerin Waƙoƙi Ya Suɓuce Mana

Duk wanda ya taɓa kai faifai a ɗora masa waƙoƙi ko karatu ya san wannan matsala. Ka zauna ka tsara abin da kake so ya fara da abin da zai biyo baya, mai shago ya ɗora, ka biya, ka sa a mota, sai ka ji ta tsakiya ce ta buɗe, wadda ka sa a gaba kuma ta koma can ƙarshe. Yawanci yaron shago ake ɗora wa laifi, ko a ce rediyon motar ne jabu. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma tushen abin ya wuce nan. A da, jeri yana jikin abin da aka naɗi sauti a kai, ba ya rabuwa da shi. Yanzu ya fita, ya koma hannun sunan fayil da halin na'urar da za ta kunna shi, kuma yawancinmu ba mu lura da lokacin da hakan ta faru ba.

A zamanin kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, babu wannan magana sam. Zare ne guda ɗaya dogo, abin da aka fara naɗa shi za a fara ji. Kaset mai lamba C60 yana da minti 30 a kowane gefe, C90 kuma 45. Saboda haka mai naɗa a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, inda harkar kaset ta yi ƙarfi shekara da shekaru, dole ya yi lissafi: wace waƙa ce za ta cika gefen farko ba tare da ta yanke ba, wacce za a buɗe gefe na biyu da ita. Mai saurare ma ya ɗauru da wannan tsari. In yana son tsallake waƙa sai ya yi ta tariya yana lalube, batir na ƙarewa, shi ya sa wasu ke zira biro su juya zaren da hannu. Wahalar tsallakewa ce ta sa mutane ke jin kaset daga farko har ƙarshe, har su haddace jerin. Waƙa na ƙarewa, bakin mutum ya riga ya ɗauko wadda za ta biyo.

Faifan CD, wanda Philips da Sony suka fitar kasuwa a 1982, bai ɓata wannan ba. Faifan sauti na asali yana ɗauke da ɗan jadawali a farkonsa, wanda ke gaya wa na'ura waƙa nawa ce a ciki da inda kowacce ta fara. Ba ya ɗaukar fiye da 99, kuma tsawonsa minti 74 ne, daga baya aka samu na 80. Kowace na'ura a duniya wannan jadawali take bi. Da faifan da mutum ke iya ɗora wa abu da kansa ya yaɗu, da manhajoji irin su Nero, sai ya zama yadda ka jera su a allon kwamfuta haka za su fito. Ƙorafin da ake yi a lokacin ƙarami ne: manhajar takan saka shirun daƙiƙa biyu tsakanin waƙa da waƙa, wanda kan yanke wa'azi ko kiɗan da aka yi a zama ɗaya, sai in mai ɗorawa ya san yadda zai kashe shi.

Inda abin ya sauya shi ne zuwan MP3, tsarin matse sauti da aka fi danganta shi da cibiyar Fraunhofer ta Jamus, wanda ya tabbata a farkon shekarun 1990. A matsin da aka saba, minti ɗaya na sauti yakan ci kusan megabayit ɗaya. Faifai mai megabayit 700, wanda a da ke ɗaukar minti 80, sai ga shi yana ɗaukar sama da awa 11. Wa zai ƙi? Mai saye ya ga waƙa fiye da ɗari a kuɗin da ya saba biyan goma sha biyar. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne wannan faifan ba faifan sauti ba ne a wurin na'ura. Ma'ajiyar fayiloli ce kawai, daidai da wadda ake zuba takardun ofis a ciki. Jadawalin waƙoƙi babu shi. Ƙa'idar da ake tsara irin wannan faifai da ita, ISO 9660 ta 1988, cewa ta yi a jera fayiloli bisa haruffan sunayensu. Ko da ka sha wahalar jerawa a allo, a kan faifan sunan ne zai yanke hukunci.

Shi kuwa jerin haruffa na na'ura ba irin na ɗan Adam ba ne. Ba ta san goma ta fi biyu ba, harafin farko take dubawa, sannan na biyu. Misalin da ya fi fito da illar a fili shi ne na Alƙur'ani. A ce an sa wa surori 114 lambobi 1, 2, 3 har ƙarshe. Na'ura za ta kunna Fatiha, wato 1, sai ta tsallaka zuwa 10, Suratu Yunus, daga nan 100, Adiyat, sai 101, Ƙari'a. Baƙara, mai lamba 2, ba za a ji ta ba sai an gama duk wata lamba da ta fara da 1. Wannan ne dalilin da ya sa masu rarraba karatu da suka san aikinsu ke rubuta 001, 002, har 114. Sifirin nan biyu na gaba ba ado ba ne, su ne ke riƙe da tartibin Mus'hafi.

Akwai wani tarko a nan da ke wanke yaron shago daga wani ɓangare na laifin. Kwamfutarsa ta zamani takan nuna masa jerin daidai, 1, 2, 3 har 10, domin Windows tun zamanin XP ta koyi ƙirga lambobi a sunan fayil. Shi a allonsa komai lafiya. Rediyon mota ne ko ƙaramar na'urar DVD ta gida ba su koyi wannan ba. Ya rantse ya jera, kai ma ka rantse ba a jere suke ba, kuma duk kun yi gaskiya.

Da faifai ya fara ja da baya, filash da memori suka karɓi wurinsa, sai rikicin ya ƙaru. Yawancinsu a tsarin FAT32 suke, kuma da yawa daga cikin ƙananan rediyoyi masu arha, irin waɗanda ake gani a teburin mai shayi da cikin adaidaita-sahu, ba su ma duba suna. Wanda aka fara kwafa shi suke fara kunnawa. In an kwashe fayil ɗari lokaci guda aka ja su, kwamfuta takan fara da wanda linzami ke kansa, ba lallai na farko ba. A goge guda, a ƙara wani, sabon ya faɗa gurbin tsohon. An ƙirƙiro magunguna: akwai ɗan bayanin da ake liƙa wa fayil ɗin MP3 mai suna ID3, wanda tun 1997 yake da gurbin lambar waƙa, akwai kuma fayil ɗin jeri na M3U. Amma wata na'urar tana karanta su, wata ba ta san da su ba, kuma a fayilolin da ke yawo a kasuwanninmu sau da yawa gurbin fanko ne, ko an cika shi da sunan shafin da aka sauko da waƙar.

Wannan ya kai mu ga sanadin da ba na injin ba. Sana'ar kanta ta canza. Mai naɗa kaset kaya yake haɗawa, ya sa masa bango da suna, ya sayar da shi a matsayin abu guda. Masu turi na yau, 'yan downloading kamar yadda ake ce musu, da awo suke sayarwa. Ka miƙa memori ka ce a cika maka, a tambaye ka na nawa, a kwaso folda a juye. Layi na jira, riba kuma a yawan waɗanda aka sallama take. Wanda zai zauna ya sake wa fayil 200 suna ɗaya bayan ɗaya babu wanda zai biya shi ladan zaman. Sannan fayil ɗin da ya iso shagon ya riga ya bi ta hannu goma, ta Bluetooth da Xender da WhatsApp, kowane hannu ya taɓa sunan. Wani ya ƙara sunan shagonsa a gaba, wani wayarsa ta mayar da sunan tarin lambobin kwanan wata.

Haka nan manyan kamfanonin duniya sun tallata rashin jeri a matsayin abin so. A 2005 Apple ya fitar da iPod Shuffle, na'ura marar allo wadda abin tinƙahonta shi ne ba ka san waƙar da za ta zo ba. Mawaƙa ba su yi shiru ba. A 2010 ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila ta yi nasara a kan kamfanin EMI a kotun Landan, inda aka hana shi sayar da waƙoƙinsu ɗai-ɗai ba da izininsu ba, ko da yake ba a yi shekara ba suka sasanta suka amince. A Nuwamban 2021 kuma Spotify ya daina sa cakuɗawa ta zama abin da babban maɓallin kundin waƙoƙi ke yi, bayan mawaƙiya Adele ta nemi haka lokacin fitowar kundinta mai suna 30.

To mu me muka yi asara? A ganina ya kamata a raba abin biyu, domin ba kowane jeri ne darajarsa ɗaya ba.

Game da waƙoƙin gargajiya, asarar ba ta kai yadda masu begen kaset ke faɗa ba. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba kundi yake shiryawa ba. Waƙa yake yi wa mutum ko taro, a filin biki ko gidan rediyo. Haka Narambaɗa da Ɗanƙwairo, waƙoƙinsu na fada ne, kowacce da ranarta da ubangidanta. Jerin da muka haddace a kaset na mai naɗa ne, ba nasu ba. In ya wargaje, sabo ne ya wargaje. Kuma a madadinsa mun samu abin da kaset bai taɓa ba mu ba: ɗimbin waƙoƙin da a da sai mai akwatin kaset ke da su, yanzu suna aljihun ɗan acaɓa.

Mawaƙan zamani kuwa abin ya shafe su ta wata fuska. Wanda ya san kundinsa za a wargaza shi ranar da ya fita ba shi da dalilin ɓata dare yana tunanin wacce za ta buɗe, wacce za ta sanyaya rai a tsakiya, wacce za ta rufe. Kowace waƙa sai ta tsaya da ƙafarta, ta kama kunne tun daƙiƙun farko kafin yatsa ya danna gaba. Waƙa mai tafiya a hankali, irin wadda daɗinta ke fitowa saboda abin da ya gabace ta, ita ce ta fi shan wuya. Ba zan ce rashin jeri kaɗai ne ya jawo haka ba, satar fasaha da sauƙin fitar da waƙa guda a intanet sun fi shi nauyi. Amma duk hanya ɗaya suke tura mawaƙi.

Asara ta ainihi tana wurin abin da aka gina bisa tartibi. Tafsirin azumi na kwana 29 ko 30 darasi ne da yau ke hawa kan jiya. Karatun littafi da malami ke yi babi bayan babi haka yake. Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi kashi-kashi ce, ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Littattafan hikaya da ake karantawa a naɗa, waɗanda mata da direbobi ke saurare, in kashi na 12 ya riga na 2 an ɓata labarin. A zamanin kaset, karatun Shaihu Abubakar Gumi ko na Shaihu Ja'afar Mahmud Adam da lamba a jikin kowane kaset ake sayensa, mai saurare ya san inda ya tsaya. Yau an zuba duka a memori guda, abin alheri ne, amma mai ƙaramin rediyo marar allo ba shi da hanyar sanin darasi na nawa yake ji. Mutumin da ya fi dogara da sauti, wato makaho, da tsoho, da wadda ba ta yi boko ba, shi ne kuma wanda ba zai iya buɗe folda ya gyara ba. Ga mai tilawa da ke bin makaranci don ƙarfafa hadda, sura ta zo ba a wurinta ba ai ɓata masa aiki ne.

Abin takaicin shi ne gyaran ba ya cin ko sisi. In faifan sauti na asali ake so, jeri yana nan yadda aka tsara, iyakarsa minti 80. In MP3 ne, lamba a gaban kowane suna, da sifirinta: 01 zuwa 99, ko 001 in sun kai ɗari. Kowane kundi ko karatu da foldarsa. In memori ne za a sa a ƙaramin rediyo, a share shi tukuna, a kwafa bi da bi, kuma a gwada a irin na'urar da mai shi zai kunna, ba a kwamfutar shago ba.

Wannan aiki bai kamata ya tsaya a kan mai turi ba, don shi a ƙarshen layi yake. Kwamitocin masallatai da ke naɗar tafsiri, ɗakunan naɗar waƙa, da masu shafukan da ke rarraba karatu, su ne fayil ke fitowa daga hannunsu da sunansa na farko. Su sa lambar tun daga can, su cika gurbin bayanin da ke cikin fayil ɗin. Kai kuma mai saye, kafin ka bar shagon, ka ce a kunna maka uku na farko ka ji.