Yaro da bindiga: yadda littafin Kourouma ya hana wata ɗalibar zango barci

Yara ne suka roƙi a rubuta littafin, yara ne kuma suka ba shi lambar yabo. Marubucinsa, Ahmadou Kourouma ɗan ƙasar Kwaddibuwa, ya sadaukar da shi ga yaran Jibuti, waɗanda suka nemi ya yi rubutu a kan yaƙe-yaƙen ƙabilanci na Afirka. Da ya fito da Faransanci a shekarar 2000, ɗaliban sakandaren Faransa suka zaɓe shi a matsayin gwarzon gasarsu ta Goncourt des lycéens, ban da lambar Renaudot da manya suka ba shi. Sunan littafin Allah n'est pas obligé. A 2006 Frank Wynne ya mayar da shi Turanci da sunan Allah Is Not Obliged.

Wannan fassarar ce ta faɗo hannun wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a sakandare, haifaffiyar ɗaya daga cikin zangunan Kumasi. Malamarsu ta adabi ce ta ara mata. Mun zauna da ita bayan ta gama karantawa, da izinin mahaifinta, bisa sharaɗin ba za mu ambaci sunanta ba.

Labarin a taƙaice

Birahima yaro ne Bamalinke, Musulmi, shi kansa bai tabbata ba ko shekararsa 10 ko 12. Ya bar makaranta tun a firamare. Mahaifiyarsa ta daɗe tana jinyar gyambo a ƙafa, da ta rasu sai dangi suka yanke shawarar a kai shi wajen innarsa Mahan da ke Laberiya. Wanda aka damƙa wa amanar rakiya shi ne Yacouba, wani mai layu da ke da'awar yana ninka kuɗi. Suna shiga Laberiya suka faɗa hannun 'yan tawaye. Aka ba yaron bindiga da kayan maye, ya yi ta yawo daga wannan runduna zuwa waccan har Saliyo, kullum ana ce masa innar ta yi gaba. Da ya iso inda take, ta riga ta rasu.

Birahima ƙagagge ne, amma yaƙin ya faru da gaske. Ranar 24 ga Disamba 1989 mayaƙan NPFL na Charles Taylor suka tsallaka daga Kwaddibuwa zuwa gundumar Nimba. A watan Satumba 1990 Prince Johnson ya kama shugaba Samuel Doe, aka azabtar da shi har ya mutu. A Saliyo kuwa 'yan RUF na Foday Sankoh sun ɗauki makamai a watan Maris 1991, suka shahara da yanke wa mutane hannu. Duk waɗannan mutanen suna cikin littafin da sunayensu na ainihi. An ƙiyasta cewa yaƙe-yaƙen Laberiya biyu, daga 1989 zuwa 2003, sun ci rayuka wajen 250,000.

Sunan da ya kusa hana karatun

Matsalar farko tun daga bango ta taso. Ɗalibar ta ce kwana biyu littafin ya yi a jakarta ba ta buɗe ba, daga baya ma sai da ta naɗe bangon da takardar kalanda, don kada Baba ya gani ya ce ta kwaso kafirci. Abin da ya fi damun ta shi ne yadda Birahima ke jawo wannan kalma duk sanda masifa ta faɗa wa wanda bai ji ba bai gani ba, yana danganta ta da batun adalci.

Sai ta kai maganar gaban malaminsu na makarantar dare. Malam bai karɓe littafin ba, bai kuma ce ta ƙona ba. A cewarta, ya tuna mata darasin tauhidi na wajibi da mustahili da ja'izi: babu mahaluƙin da ke tilasta wa Allah wani abu, wannan kam karatu ne da ke cikin littattafan da ake biyawa a zaure. Amma jingina wa Allah zalunci mustahili ne, Alƙur'ani ya kore shi a wurare da dama. Ya ce ta riƙa bambanta maganar malami a kan buzu da kukan yaron da ya ga an yanka mutane a gabansa.

Ta ce wannan ya kwantar mata da hankali, ko da yake har yanzu akwai shafukan da take tsallakewa. Birahima na da baƙin baki, yana zagi da yaren Malinke a kai a kai, kuma marubucin bai bar kowa ba: fada da fasto, boka da mai rawani, kowa ya sha.

Dariya a inda bai kamata ba

Abu na biyu da ya ba ta mamaki shi ne ta sami kanta tana dariya. Birahima na ba da labarinsa ne da taimakon ƙamus huɗu, ciki har da Larousse da Petit Robert da Harrap's. Yana tsakiyar bayanin kisa sai ya tsaya ya fassara wata babbar kalma, kamar ɗalibin da ke shirin jarrabawa. Ta ce da farko abin ya ba ta dariya, can kuma sai kunya ta kama ta, wai me ake wa dariya a nan?

Da ta yi nisa ne ta gane dabarar. Yaron na laɓewa a bayan ƙamus ne duk lokacin da abin da zai faɗa ya fi ƙarfin bakinsa. Ta ce ita ma ta san wannan hali. Ɗan zango na tashi da Hausa a gida, Twi a kasuwa, Turanci a aji, Larabci a makarantar allo, kuma idan magana ta yi nauyi sai ya sauya harshe. Kourouma ya daɗe da wannan aikin. Tun littafinsa na farko, Les Soleils des indépendances na 1968, aka san shi da tanƙwara Faransanci ya bi tsarin Malinke. Shi kansa ya san bindiga, don ya yi aikin soja a rundunar Faransa a yankin Indochina, ya kuma yi shekaru da dama a waje, a Aljeriya da Kamaru da Togo. Ya rasu a birnin Lyon a 2003.

Suna a bakin shinge

Inda littafin ya fara hana ta barci shi ne batun shingayen hanya. A Laberiya ta wancan lokacin, sunan mutum da yarensa na iya raba shi da ransa. Mayaƙan Taylor, da yawansu 'yan ƙabilun Gio da Mano, sun riƙa farautar 'yan Krahn, ƙabilar Doe, da kuma Mandingo. Su Mandingo dangin Malinke ne, Musulmi ne, akasarinsu 'yan kasuwa, marasa rinjaye a ƙasar. An zarge su da goyon bayan Doe, an kuma daɗe ana kiran su baƙi daga Gini, alhali wasunsu kaka da kakanni a nan aka haife su.

Ɗalibar ta ce tana karantawa tana jin kamar da ita ake. Ta je ta tambayi kakarta, Kaka kuwa ta buɗe mata labarin da ba ta taɓa ji ba: dokar korar baƙi ta gwamnatin Kofi Busia ta 18 ga Nuwamba 1969, wadda ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Kaka ta ba ta labarin maƙwabtan da suka sayar da kaya a wulaƙance suka hau manyan motoci, wasu zuwa ƙasar da ba su taɓa takawa ba. Ba yaƙi aka yi a nan ba, ɗalibar ma ta jaddada hakan. Amma ta ce ta ga yadda kalmar baƙo ke kwanciya shekara da shekaru, sai wata rana wani ya tashe ta.

Da muka tambaye ta ko ta ɗauki Musulmin Laberiya a matsayin waɗanda aka zalunta kawai, sai ta girgiza kai. Ta ce ta bincika da kanta. Ƙungiyar ULIMO da ta yaƙi Taylor ta rabu biyu a 1994, ɓangare ɗaya na Mandingo ƙarƙashin Alhaji Kromah, kuma su ma sun yi ta'asa. A 2021 wata kotu a Suwizalan ta ɗaure tsohon kwamandan ULIMO Alieu Kosiah shekara 20 saboda laifukan yaƙi, ciki har da amfani da ƙaramin yaro a matsayin soja. Ta ce wannan ya fi mata ciwo, don da ta so a ce nata ba su taɓa kowa ba.

Gana ba 'yar kallo ba ce a wancan yaƙin. Kwamandan farko na rundunar ECOMOG da ta sauka Monrovia a watan Agusta 1990 ɗan Gana ne, Janar Arnold Quainoo. A shekarar ce aka buɗe sansanin Buduburam kusa da Kasoa, inda dubun-dubatar 'yan Laberiya suka fake. A Accra kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin, ranar 18 ga Agusta 2003. Ɗalibar ta ce ta sha jin sunan Buduburam, ba ta taɓa tambayar abin da ya koro mutanen ba.

Layu da harsashi

Mutumin da ta fi tsana a littafin ba Taylor ba ne, Yacouba ne. Shi aka ba amanar maraya, shi kuma ya tsira da ransa ta hanyar ɗaura wa yara layu yana ce musu harsashi ba zai huda su ba. Yaran su fita da gudu gaban bindiga, su mutu, sai a ce ai sun karya sharaɗin layar ne. Ta ce irin Yacouba ba sai an je Laberiya ba, ana ganin su a tashar mota da kuma a TikTok.

A nan ma ta koma wajen Malam, ya ba ta labarin Abdullahi ɗan Umar, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito: Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi gida a ranar Uhudu yana ɗan shekara 14, sai a Khandaƙ aka karɓe shi yana da 15. Dokar duniya ma ta bi ta kan wannan batu. A 2012 kotun musamman ta Saliyo ta sami Taylor da laifi, ciki har da taimaka wa masu sa yara 'yan ƙasa da shekara 15 yaƙi, aka yanke masa ɗaurin shekara 50, yana kuma gidan yari a Birtaniya. Prince Johnson kuwa sanata ya zama, har ya mutu a 2024 ba a gurfanar da shi ba. Ɗalibar ta ce wannan bambancin ne ya sa ta fahimci dalilin da Birahima ke ta maimaita kalmarsa.

Mai tallan ayaba

A cikin littafin, idan wani yaro soja ya mutu, Birahima kan tsaya ya ba da tarihinsa, yadda aka yi ya kai ga ɗaukar bindiga. Wanda ya sa ɗalibar kuka shi ne na wata yarinya mai suna Sarah. Uwarta ta mutu, aka kai ta riƙo, matar gidan ta ɗora mata tallan ayaba. Aka sace mata kaya, aka yi mata dukan tsiya, tsoron komawa gida ya jefa ta kan titi. Daga titi zuwa bindiga tafiyar ba ta yi nisa ba.

Ta ce a nan ta ajiye littafin ta leƙa tsakar gida. Akwai 'yar ƙanen babanta da aka kawo riƙo daga arewa bayan rasuwar uwarta, shekararta 11, ita ke fita da koko da ƙosai da safe yayin da sauran yaran gidan ke saka kayan makaranta. Ba dukan ta ake yi ba, ba a kuma hana ta abinci. Amma ɗalibar ta ce ba ta taɓa tambayar kanta ba don me ita ke tafiya aji, ƙanwarta na tafiya bakin titi.

Ta yi kwana uku tana juya maganar kafin ta sami Baba bayan sallar isha'i. Ba ta ambaci littafi ba. Ta ce masa dai tana roƙon alfarma a sa ƙanwarta makaranta, ita za ta riƙa tashi da asuba tana taya Inna suya. Baba ya yi shiru, ya ce kuɗin kokon nan ai shi ke cika cefane. Aka yi ta kai da komo har Kaka ta sa baki. Matsayar da aka cim ma ita ce a rubuta sunan yarinyar idan an koma sabon zangon karatu, tallan kuma ya koma Asabar da Lahadi.

To, a ba yaro ya karanta?

Malamar da ta ara mata littafin ba ta ba kowa. A ganinta bai dace da 'yan ƙananan azuzuwa ba, saboda akwai fyaɗe, akwai shan ƙwaya, akwai kisa da aka bayyana ba tare da sakayawa ba. Ɗan ajin ƙarshe zai iya, in dai akwai babban da zai tattauna da shi. Ita ɗalibar ta sami uku: malamar aji, malamin zaure, da Kaka. Ta ce da ba don su ba, da ko dai ta jefar da littafin tun daga bango, ko ta haɗiye shi duka ba tare da tacewa ba.

Yanzu littafin na hannun wani ɗan ajinsu, Kirista, wanda shi ma sunan ne ya ja hankalinsa. Sun yi alkawarin zama su kwatanta abin da kowa ya gani idan an gama jarrabawa. Ita kuwa ta ce abin da ke gabanta kafin nan shi ne ta tabbatar an ɗinka wa ƙanwarta kayan makaranta.