Ɗigon ruwa a gindin kwalbar awo: abin da ke ɓata jini tun ba a fara aunawa ba

Duk ɗan kasuwa ko ƴar kasuwar da ta taɓa rufe rumfa ta kai yaro mai masassara asibiti ta san yadda abin yake. A rubuta maka takardar awo, ka biya, a ɗebi jini cikin wata ƴar siririyar kwalba, a ce ka dawo da la'asar ko gobe. Wata rana kuma ka dawo a ce maka jinin ya lalace, sai an sake ɗiba. Wuni ya tafi, ciniki ya wuce, ga yaro an sake tsira masa allura. Abubuwan da ke lalata jini suna da dama: allura mai sirantaka da yawa, girgiza kwalba da ƙarfi, barin ta cikin zafi. Amma akwai guda da ba a faye zancensa ba, shi muka ɗauko yau, wato laimar da ke saura cikin kwalbar bayan an wanke ta, da kayan aikin da ma'aikatan labo ke amfani da su don kawar da ita.

Wani zai ce ruwa ne fa kawai, ba dauɗa ba. To ga inda matsalar take. Ruwan nan da ake ɗaura wa marar lafiya a asibiti, wanda aka daidaita shi da jini, yana da gishiri giram 9 a kowace lita. Jajayen ƙwayoyin jininmu cikin irin wannan ruwa mai gishiri suka saba zama. Idan suka haɗu da ruwan da ba shi da gishiri, sai su yi ta tsotsarsa suna kumbura kamar waken da aka jiƙa, har su fashe. In aka juya jinin a na'ura don ƙwayoyin su kwanta ƙasa, ruwan da ke tasowa sama ya kamata ya fito ɗorawa-ɗorawa kamar man gyaɗa mai kyau. Wanda ƙwayoyinsa suka fashe kuwa ja yake fitowa, kamar an sirka zoɓo. Ma'aikaci mai lura yana ganin haka zai ce a sake. Shi ne ma ya yi maka gata, ko da ka fita kana gunaguni.

Domin in bai lura ba, lissafi ya karkace. Akwai wani sinadari da ake kira potasiyom, wanda ke cikin ƙwayoyin ya ninka na wajensu fiye da sau 20. Da sun fashe sai ya zubo, takarda ta nuna ya yi wa mutum yawa, likita ya fara zargin ƙoda alhali ƙoda lafiyarta lau. Ga kuma sirki. Ɗigo 20 na ruwa su ne mililita guda. Idan jinin jariri aka ɗiba, wanda da ƙyar ake samun mililita guda, ɗigo ɗaya da ya maƙale a gindin kwalba daidai yake da mai nono ta ƙara ludayi ɗaya na ruwa cikin ludayi 20. Wace Hajiya ce za ta yarda a sayar mata da wannan a ce zalla ne?

Me ya sa ba ta bushewa da kanta?

Kwano in an wanke an ajiye, kafin a juya ya bushe, don iska na shafarsa ko ta ina. Kwalbar awo kuwa doguwa ce, bakinta ƙarami, gindinta a rufe. Iskar cikinta ba ta fita, sabuwa ba ta shiga, sai danshi ya zauna. Mai sayar da man gyaɗa a Maraɗi ta san haka ga butalin da ta wanke jiya, yau ta ɗaga shi a rana ta ga raɓa jikinsa daga ciki.

Tsumma ba ya magani. Yana barin zare, yana barin maiƙon hannu, yana ɗaukar dauɗar wannan kwalba ya kai wa waccan. Hura iska da baki ya fi muni, domin numfashi shi kansa laima ne, ga ƙwayoyin cuta, ga haɗarin kai baki ga abin da jinin wani ya zauna ciki. Iskar kwamfuresa irin ta masu faci ita ma ba a son ta, tana tafe da ɓurɓushin mai da ƙura.

Aikin yana farawa tun daga wanki. A jiƙa kwalaben cikin ruwan jabel don kashe cuta, a wanke da sabulu da wani siririn buroshi mai dogon hannu wanda ke kai har gindi, a ɗauraye sau da yawa, domin sauran sabulu shi ma yana fasa ƙwayoyin jini. Ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa ake yin ta, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba asid ɗin ba. Ruwan pampo da na rijiya suna da gishirinsu, in suka bushe sai su bar farin tabo kamar kanwa, wanda kuwa zai narke cikin abin da za a auna gobe.

Kayan bushewa na farko, kuma mafi araha, shi ne allon turaku. Allo ne na roba ko na ƙarfe mai rufin roba, ana rataye shi saman wurin wanki, da turaku jere a jikinsa sun ɗan kalli sama. A kife kowace kwalba bisa turkenta, ruwa ya tsane ya bi wata ƴar magudana a ƙasa. Ba ya cin kuran, ba ya lalacewa, sai dai yana son haƙuri, sau da yawa sai an kwana. Kuma a ƙasarmu yana da abokan gaba biyu. Da hunturu bushewa ba wuya, amma ƙura na shiga ko ta ramin makulli, dole a rufe allon ko a kwashe kwalaben da wuri a sa cikin akwati mai murfi. Da damina kuwa, musamman watan Agusta, iska ta jiƙe, kwalba na iya wuni a kife ba ta bushe ba. Abin takaici, lokacin ne masassarar cizon sauro ke tashi, daga Agusta zuwa Oktoba, asibitocin Damagaram da Tawa da Maraɗi su cika, layi ya kai waje. Ranar da aka fi bukatar busasshiyar kwalba, ranar ce ta fi wuyar samu.

Na biyu ya gyara wannan aibi. Shi ma turaku ne, amma masu rami kamar tiyo, da ƴan huji a kai. A ƙasansu akwai fanka da abin ɗumama iska da matacin ƙura. In an kife kwalba bisa turke aka kunna, iska mai ɗumi na hawa har gindin kwalbar ta koro danshi ya fito ta baki. Abin da allo ke yi a kwana, wannan yana yin shi kafin a gama shan shayi. A ganinmu shi ne ya fi dacewa da ainihin matsalar, tunda ita matsalar rashin shigar iska ce. Illarsa kuran da tsada.

Na uku shi ne akwatin gashi, kamar tandar mai burodi amma da ma'aunin zafi a jiki. Ana jera kwalabe a kife cikin kwandon waya, a kai zafi wajen digiri 100, inda ruwa ke tafasa ya tashi. Kwalbar shayi ko ta lemo in aka yi mata sauyin zafi kwatsam tsagewa take yi. Ta labo tana jurewa saboda irin gilashinta dabam ne, wanda wani Bajamushe mai suna Otto Schott ya haɗa a garin Jena a ƙarshen ƙarni na 19, sannan kamfanin Corning na Amurka ya fito da nasa a 1915 da sunan Pyrex, sunan da mata suka sani a kwanonin gashi. Duk da haka ba kome ake sawa a akwatin ba. Roba na narkewa ko ta lanƙwashe. Kayan gilashi masu zanen awo kuma, waɗanda su ne mudun labo, ba a son a gasa su da zafi mai yawa don kar awonsu ya goce. Mudun da ya loɓa dai kowa ya san rigimar da yake jawowa a kasuwar hatsi.

A nan ya kamata a raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Busarwa dabam, kashe ƙwayoyin cuta dabam. Akwatin da ma'aikatan lafiya ke kira pupinel ya samo sunansa daga wani likitan fiɗa na Faransa, Gaston Poupinel, wanda ya fito da shi a 1885. Don ya kashe cuta sai ya riƙe digiri 160 har awa 2, ko 170 awa 1, ko 180 minti 30, kuma daga lokacin da zafin ya kai ake fara ƙirga, ba daga lokacin da aka kunna ba. In kuran ya ɗauke a tsakiya, kwalba za ta fito busasshiya, da zafinta, amma aikin bai yi ba, sai a sake daga farko. Ɗayar na'urar, otokilab, wadda Charles Chamberland abokin aikin Pasteur ya ƙera a 1879, tururi take amfani da shi a digiri 121 na minti 15, kamar tukunyar nan mai shewa. Tana kashe cuta sarai, amma kaya na fitowa da danshi, sai an sake busar da su.

Akwai kuma dabarar gaggawa. Wasu bututun ba allo ko fanka da ke isa cikinsu. Misali wanda ake auna saurin kwanciyar jini da shi, tsawonsa santimita 30, raminsa kuwa milimita 2 da rabi, kamar tsinken tsintsiya. Irin wannan sai a zuba masa asetan ya kwashe ruwan, a ja iska ta cikinsa, nan take ya bushe, domin asetan a digiri 56 yake tafasa, zafin Afrilu ma ya kusa isar shi. Shi ne dai sinadarin da ke cikin ruwan goge jan farce, amma na kasuwa an gauraya shi da mai da ƙamshi, ba ya yi wa labo. Yana kama wuta kamar fetur, don haka kwalbar da ke da sauransa ba a kusantar da ita ga akwatin gashi.

Abin mamaki, wannan ruwa da ake gudu, a wani awon shi ake nema. In za a duba ƙwayar masassara a ɗigon jini mai kauri bisa gilashi, da gangan ake barin ruwan rini ya fasa jajayen ƙwayoyin, don a ga abin da ya ɓuya cikinsu. Ko a nan ma sai gilashin ya kasance busasshe ba maiƙo kafin jini ya hau shi, in ba haka ba ɗigon ya saɓule wajen rini.

Kwalabe masu murfi kala-kala

Yau a yawancin asibitocin birni, jinin da ake ɗiba a jijiya cikin sabuwar kwalba yake shiga, wadda ake amfani da ita sau ɗaya a jefar. An zuƙe iskar cikinta tun daga masana'anta, shi ya sa take jan jini da kanta daidai gwargwado. Wani Ba'amurke, Joseph Kleiner, ya ƙirƙiro ta a 1947, kamfanin Becton Dickinson ya fara sayar da ita a 1949. Mai murfi shuɗi-ja kamar furen yalo ta ƙirgar ƙwayoyin jini ce, mai ruwan toka ta awon sukari, mai jan murfi kuwa da Faransanci busasshiyar kwalba ake ce mata, don ba a sa mata maganin hana jini daskarewa ba. Gwajin masassara na nan take, mai kama da ƴar sanda, shi ma sau ɗaya ne, kuma ya yaɗu sosai tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2010 cewa a gwada kafin a ba da magani. Wannan ya rage wanki, bai kashe shi ba. Kwalaben haɗa sinadarai, da na juya fitsari, da na shuka ƙwayoyin cuta, da gilasan duba jini, a wurare da yawa wankewa ake yi a sake. Haka a manyan ɗakunan bincike irin su LANSPEX a Yamai, inda ake auna ingancin magani da ruwa da abinci, kayan gilashi su ne jarin aiki.

Ga Alhazan da ke shigo da kayan asibiti akwai magana biyu. Waɗannan kwalabe masu murfi suna da ranar ƙarewa, kuma masu yin su sun rubuta a ajiye su tsakanin digiri 4 da 25. Shagon kwano a watan Mayu ya zarce wannan nesa, kwalbar da ta daɗe a nan ko ta wuce kwananta ba ta jan jini yadda ya kamata, maganin cikinta ya yi wa ɗan jinin da ya shiga yawa. Na biyu, ba a wanke ta a sake sayarwa. Zuƙar ta tafi, maganin ya tafi, ko an busar da ita ƙarau ba ta koma yadda take ba. Mai kai marar lafiya yana da haƙƙin ya ga an ɗauko sabuwa an rubuta suna a jikinta gabansa. In ta gilashi ce wadda aka wanke, ɗaga ta a haske bai fi daƙiƙa biyu ba, kuma tambaya cikin ladabi ba ta ɓata wa ma'aikacin kirki rai.

Su kuwa mata masu zuba mai da zuma da yaji a kwalba, darasin labo nasu ne kai tsaye. Ruwa a gindin butali yana sa man gyaɗa ya yi saurin canza wari, ya kuma yi tartsatsi a kasko har ya ƙona mai suya. Zuma in ruwanta ya haura kashi 20 cikin 100 sai ta fara tsami da kumfa. Yaji ya dunƙule ya yi fumfuna. Allon turaku ba ya fi ƙarfin kafintan unguwa: katako guda, dogayen turaku da suka kusa kai gindin butali, a kafa su a karkace, bakin butalin kar ya manne da allon don iska ta samu hanya, a yafa tsohon gidan sauro mai tsabta saboda ƙura da ƙuda. A wanke da yamma, a zuba kaya da hantsi, bayan an ɗaga kowane butali a rana an duba gindinsa. Ƙananan kwalaben da yara ke tsinto wa daga jujin asibiti don turare ko tozali kuwa, ko kyauta aka kawo su a bar su can, domin rana da allo ba sa yin aikin digiri 160 na awa 2.