Ƙarar "ƙwal-ƙwal" a gaban mota: ba kullum shoka ke da laifi ba

Direbobin Golf da Sharon da ke jigila tsakanin Zango da Daura sun san wannan ƙarar: mota na faɗawa rami sai gabanta ya buga. Galibi sukan ɗora wa shoka laifi, su sayi sabuwa, amma ƙarar ba ta daina ba.

Sau da yawa robar da ke riƙe kan shoka da jikin mota ce ta mutu. Zafi yana busar da ita ta tsattsage, ƙura kuma ta cinye boris ɗin cikinta, wanda yake juyawa tare da sitiyari.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. A buɗe bonet, mutum ɗaya ya riƙa murɗa sitiyari, wani ya dafa saman shokar. Idan ya ji tana karkarwa ko tana ƙara, robar ta tafi.

Wajen canjawa ne hatsarin yake. Sifirin ɗin a danne yake da ƙarfi. Duk bakaniken da ya kwance notin sama bai ɗaure shi da maƙurinsa ba, yana iya rasa yatsu. A canja hagu da dama tare, sannan a yi alaimen, in ba haka ba tayoyi za su cinye ta gefe ɗaya.