Nozul Huɗu da Sifana Mai Ma'auni: Abin da Na Tarar a Cikin Injin Dizal

A kakar bara, daidai lokacin da masara ta bushe a gona ana jiran a kwaso ta kafin gara da ɓarayi su riga mu, tsohuwar a-kori-kurata ta ɓullo da wani sabon hali. In na tayar da ita da asuba sai ta yi ta ƙwanƙwasa kamar ana daka a turmin ƙarfe, salansa na fitar da farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai. Bayan minti goma sai ta lafa, har mutum ya ce ba ita ba ce. Hilux ce ƙirar 2008, mai inji 2KD na lita 2.5 da silinda huɗu, kuma ta ci kilomita sama da 300,000. Gyaran da aka yanka mini a gareji ya tasam ma albashina na wata biyu, motar kuma sai ta yi mako a layi. Wannan ne ya sa na yanke shawarar sauya nozul ɗin da hannuna, ni da alli da allo ne sana'ata.

Injin dizal ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da in an fesa mata mai sai ya kama da kansa, kamar yadda Rudolf Diesel ya nuna a injinsa na 1897. Saboda haka lafiyar injin ta rataya ga feshin: yawansa, laushinsa da lokacin da ya faɗa. A tsofaffin injuna famfo ne mai aiki da ƙarfe zalla ke tura wa kowane nozul rabonsa, kuma wannan tsari kanikawanmu sun san shi ciki da bai. A 1995 kamfanin Denso na Japan ya fitar da wani sabon tsari a manyan motocin Hino, Bosch na Jamus ya kai shi ƙananan motoci a 1997. A nan famfo yana tara mai ne a bututu guda mai kauri, rumbun da duk nozul ke sha daga gare shi, sannan kwamfutar mota, wadda kanikawa ke kira burenbos, ta buɗe kowane nozul da lantarki, fiye da sau ɗaya a bugu guda. A irin injina matsin rumbun yana haura ba 1,300. Tayar motar da ke ɗauke da buhunan masara ba ta kai ba 4 ba.

Nozul ɗin da zai riƙe irin wannan matsi dole a ƙera shi da tsananin daidaito. Ratar da ke tsakanin allurarsa da gidanta 'yan maikiron ne, alhali kaurin gashin kan mutum ya kai kamar maikiron 70. Man da kansa ne ke sanyaya wannan allura yana sulɓar da ita. To, a nan gizo ke saƙar. Ruwan da ya taru a gindin duro yana sa ta tsatsa, ƙurar da ta bi mazurari tana kankare ta, kananzir da ake gauraya wa dizal don a ƙara riba kuma ba shi da santsin da take bukata. Ba zan ɗora wa kowa laifi ba face kaina: sau nawa na tsaya a bakin titi na sha man jarka saboda sauri, sau nawa kuma fitilar gargaɗin ruwa ta kama na ce sai gobe? Mutane da dama suna zargin sulfa, musamman tun da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahotonta a 2016, lokacin da ƙa'idar Nijeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, ta Turai kuwa 10 kacal. Zargin yana da tushe, amma ɓarnar sulfa ta fi faɗa wa huhun jama'a da baƙin mai. Nozul dai ruwa da datti ne ke cinye shi.

Kafin in taɓa sifana sai da na je wurin wani dattijon makanike na unguwarmu, wanda ya shafe shekaru yana gyaran manyan motoci. Ya saurari injin, ya ce, "Malam, ba kowane hayaƙi ne nozul ba. Ka sauya filta? Ka tabbata iska ba ta shiga layi?" Na ce, "Na yi duka, Baba." Sai ya tura ni wurin wani matashi mai na'urar binciken mota. A allonta ana ganin yawan man da kwamfuta ke ƙara wa kowace silinda ko rage mata domin injin ya daidaita. Biyu daga cikin huɗun sun wuce iyakar da littafin gyara ya gindaya, musamman da injin yake da sanyi. Wannan mataki shi ne mafi arha a duk aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Wanda ya yi biris da nozul mai zubar da mai ba bisa ƙa'ida ba, wata rana fistin ne zai tsage masa a tsakiyar hanya.

Na sayi sababbi guda huɗu, na ƙi tokumbo duk da rahusarsa, domin araha ba ta ado, kuma nozul na hannu ba a gane lafiyarsa da ido sai a kan injin gwaji. Tare da su na haɗa washa huɗu na mazauni, da robobin hatimi, da sababbin bututan matsi, waɗanda littafin ya ce a sauya su duk lokacin da aka sauya nozul. Baba ya ara mini sifana mai ma'auni, wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai adadin da aka saita.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne tsafta. Hunturu ya fara busawa, sai na wanke saman injin tun daren Juma'a, na shigar da motar rumfa na rufe da tamfol. Da safe na cire kan batir, na sauke akwatin sanyaya iska da ke saman injin, na kwance bututan, kowane baki da ya buɗe na rufe shi da leda mai tsabta nan take. A wannan inji nozul ɗin suna ƙarƙashin murfin sama ne, cikin baƙin mai, tare da siririn bututun da ke mayar da ragowar dizal tanki. Uku suka fito ba gardama. Na silinda ta uku ya kafe, sai da na yi kusan awa biyu ina jiƙa shi ina murzawa a hankali, ina hana kaina ɗauko abin ɓamɓara, domin kan injin na alminiyam ne, in ya tabu ya tabu ke nan.

Da ya fito sai na ga abin da ya sanyaya mini jiki. Jikinsa duk baƙin dasashi ne mai tauri kamar kwalta. Washar da ke ƙasansa, 'yar zobe da kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba, ta daɗe da sakin hatimi, hucin ƙonewa yana ta hawowa yana dafa baƙin mai. Wannan dasashi ne ke gangarawa kaskon ƙasa ya toshe rariyar da famfon baƙin mai ke zuƙa ta cikinta, har inji ya bushe ya buga ba tare da sallama ba. Da na tsaya a sauya nozul kawai, da na rufe kura da fatar akuya. Dole na zubar da baƙin man, na leƙa rariyar da tocila ta ramin zubarwa, na ga ta fara toshewa, na sauke kaskon na wanke ta. Aikin yini guda ya koma na kwana biyu.

Mayarwa tana da nata tarko. Kowane sabon nozul yana ɗauke da haruffa da lambobi 30 a kansa, bayanin 'yar saɓanin da aka auna masa a masana'anta. Wajibi ne a rubuta su tare da lambar silindar kafin a rufe murfi, kuma waya ta ɗauki hoto, domin B da 8 suna kama a idon da ya gaji. Sai a goge mazauni tas, a sa sabuwar washa, a ɗaura bututan da hannu tukuna don nozul ya fuskanci inda ya kamata, sannan a ɗaure maƙallansa da sifana mai ma'auni. Ɗaurin "ya isa haka" ne ya kashe injuna da yawa a ƙasar nan: in ya yi sako-sako washa ta saki, in ya yi yawa nozul ya lanƙwasa. Siririn bututun mayar da mai kuwa, in ya yi yoyo ba za a gani a waje ba, dizal zai riƙa tsiyaya cikin baƙin mai ne yana tsinka shi.

Akwai gargaɗin da nake so ɗalibai musamman su riƙe. Tsohuwar al'adar sassauta bututu injin na aiki don a gane silindar da ta mutu, ko shafa hannu a nemi yoyo, ba ta da wuri a wannan inji. Feshin yana huda fata kamar allura, raunin ya yi kama da cizon sauro, amma man ya riga ya shige cikin nama, kuma in ba a yi tiyata cikin sa'o'i kaɗan ba ana iya rasa yatsa ko hannu.

Shin kowa ya kamata ya yi abin da na yi? A ganina, a'a. Wanda ba shi da littafin injinsa, ko wurin da ƙura ba ta shiga, ko haƙurin dakatawa idan ƙarfe ya ƙi, gara ya biya gwani. Ni ma ban kammala ni kaɗai ba. Karatuna ya taimake ni a turancin littafin da lissafin ɗauri, amma kunnen Baba ne ya hana ni sayen abin da ban tabbatar ba, kuma bayan na danna famfon hannu na kan filta har ya yi tauri, matashin nan ne ya zo da na'urarsa ya shigar wa kwamfuta lambobin ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya dame ni shi ne, a unguwa guda muke mu ukun, amma sai da mota ta lalace muka zauna a tabarma ɗaya.

Ranar Litinin da asuba motar ta tashi a bugu na biyu, ba ƙwanƙwasa, ba hayaƙi. Mako biyu na yi ina zaro sandar awon baƙin mai kowace safiya ina shinshinawa, in ga ko ya ƙaru ko ya yi warin dizal. Bai ƙaru ba. Masara ta iso gida a sawu shida, na kai wa Baba sifanarsa da buhu guda.