Wane bokiti ne zai ishi tumatir? Lissafi daga Bagega

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Facebook, na san ka ci karo da bidiyon nan: an yanke gorar ruwa, an zuba ƙasa cikin hannu biyu, an dasa tumatir, kafin kiɗan ya ƙare ga 'ya'ya jajaye suna reto. Ni ma ya ruɗe ni. A hutun bara na jera gwangwanayen madara shida a bayan ɗakin innata, na dasa tumatir, na ɗauki hoto na ɗora. Sun yi kore shar na sati uku. Daga nan ganyen ƙasa ya fara rawaya, kullum da azahar sai su langaɓe kamar an watsa musu ruwan zafi, ɗan furen da suka yi ya kakkaɓe. Da na zazzage gwangwani ɗaya, sai na tarar kusan babu sauran ƙasa, saiwa ce kawai ta naɗe kanta kamar gammo. Wannan hoton kam ban ɗora shi ba.

Abin da bidiyon bai gaya maka ba shi ne, saiwa ce ke zaɓar mazubi. Shukar da ke gona tana miƙa saiwarta ta nemo ruwa duk inda yake. Wadda ke cikin roba kuwa, abin da ka zuba mata shi ke nan duniyarta. In ƙasar ta yi kaɗan, ruwan safe ba ya kai azahar, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a yankinmu. Tumatirin da ke bushewa ya jiƙe, ya sake bushewa, shi ne za ka ga gindin ɗansa ya yi baƙi ya ruɓe tun bai nuna ba.

To, ga awon da sauƙi. Latas, alayyahu da albasa ba su da doguwar saiwa, zurfin taƙi ɗaya, wato kamar santimita 15 zuwa 20, ya ishe su. Su faɗi suke so, don haka tsohon baho ko jarkar da aka tsaga a kwance ta fi musu dogon bokiti. Karas yana son zurfin santimita 30 da ƙasa mai laushi, in ya ci karo da gindin roba sai ya lanƙwashe. Tarugu da tattasai za su rayu a mazubin lita 10 zuwa 15, tushe ɗaya a kowanne. Tumatir da guro, wanda Kanawa ke cewa kuɓewa, ka ba su lita 20 zuwa sama. Jarkar man girki mai lita 25 da aka yanke wa kai ta yi daidai. Tushe ɗaya fa, ba uku ba. Na san da wuya mutum ya tuge dashe biyu masu lafiya ya yar, amma uku a bokiti ɗaya yunwa za su raba. Zogale kuwa itace ne, rabin duro ko babban buhu zai so, kuma sai kana datse masa kai.

Wannan lissafin duk inda kake haka yake, Kano ko Maraɗi. Amma ni ɗan yankin Anka ne, kuma a Bagega tambayar ba ta tsaya ga girman bokiti ba. Akwai ta biyu: ƙasar da za ka cika shi da ita, daga ina za ka ɗebo ta?

Wataƙila kana firamare lokacin da abin ya faru. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta gano yara ƙanana na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Gubar dalma ce. Dutsen zinaren da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida a daka a turmi, a niƙa a inji, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. An share ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma, tana jiran kuɗi. Likitoci ba su iya fara ba yaran garin magani ba, don ba amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi kan ƙasar da ta sa masa cutar. Sai da matasa irin su Hamzat Lawal na Follow The Money suka cika Twitter da #SaveBagega, tare da matsin lambar ƙungiyoyi irin su Human Rights Watch, sannan gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a farkon 2013. A shekarar aka kankare saman ƙasar gidajen da suka gurɓata, aka kai ta rami aka binne, aka shimfiɗa mai tsabta. (Duk wanda ya ce maka hashtag ba ya komai, ka ba shi wannan labarin.)

An yi aiki, ba shakka. Sai dai dalma ba ta ruɓewa, ba ta da wari, rana ba ta kashe ta, wuta ma haka. Kuma ba a daina harkar zinare ba. Duk buhun dutsen da ya sake shigowa gida, duk rigar aiki da aka kakkaɓe a tsakar gida, ƙurar na iya dawowa. Ido ba ya gane ta, masu aikin sharewar ma da na'urar hannu suka riƙa auna ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma yara ƙanana ta fi yi wa illa, a ƙwaƙwalwa.

A nan shuka a roba ta wuce abin ado. Ga wanda rashin tsaro ya hana zuwa gona mai nisa, miya ce a bakin ƙofa. Kuma hanya ce ta raba abincinka da ƙasar da ba ka san tarihinta ba. Amma dubi lissafin: tumatir goma a bokitin lita 20 na nufin ƙasa lita 200, cikin duro guda ke nan. Ba za ka kankaro ta daga lungun gidan da aka taɓa niƙa dutse ba, ko bakin kududdufin da ake wanke zinare, ko bola. Daga gonar da ka tabbata ba a taɓa aikin dutse a kusa da ita ba za ka ɗauko, a baro ko a amalanke, ka gauraya da ruɓaɓɓen takin dabbobi da ɗan ɓuntun shinkafa don ta yi sakayau. Kowane ƙarin lita a mazubi ƙarin ɗauka ne a wuyanka, da ƙarin guga a rijiya. Shi ya sa ba na goyon bayan masu cewa kawai ka nemi mafi girma. Latas a cikin rabin duro asarar ƙasa ce da ruwa.

Wani abu da ya ba ni sha'awa: dalma ta fi maƙalewa a saiwa da kuma ƙurar da ke sauka a kan ganye, ba ta cika kaiwa cikin 'ya'ya ba. Ke nan alayyahu, latas, sure da karas su suka fi buƙatar ƙasa mai tsabta, kuma yawancinsu ba sa cin ƙasa da yawa. In ƙasar kirki da ka iya samowa ba ta wuce baro ɗaya ba, su za ka fara ba.

Shi kansa mazubin sai ka san aikin da ya yi a baya. Buhun da ya taɓa ɗaukar dutsen zinare, a'a, komai wankinsa. Bahon da aka wanke garin dutse a ciki, a'a, don bayan dalma akwai zaiba, sinadarin da ake kama zinaren da shi. Kwankon tsohon batirin mota, a'a, dalma ce aikinsa. Jarkar maganin feshi ma haka. Gwangwanin fenti mai maiƙo ka bar shi, wasu irinsa na ɗauke da dalma. Abin da ya taɓa riƙe abinci shi ya fi kwanciyar hankali: jarkar man gyaɗa, bokitin bota, buhun shinkafa, ko tsohuwar randar da ta tsage. Buhu yana da arha, sai dai rana na cinye shi, da wuya ya wuce shekara.

Ka huda gindin mazubin wuri biyar ko shida da ƙusa mai zafi, in ba haka ba ruwan Agusta zai shaƙe saiwar. Sannan ka ɗora shi a kan bulo ko benci. In ka ajiye shi a ƙasa kai tsaye, saiwar tumatir za ta bi hudar nan ta shiga ƙasar da kake gudu, ruwan sama kuma ya fantsamo taɓo a kan ganye. Rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, in robar baƙa ce ka naɗe ta da farin buhu don kada ta dafa saiwar. Ganye kuma a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta kafin ya shiga tukunya, kai ma ka wanke hannu kafin ka ɗauki ƙaninka.

Bana jarka biyu kawai na yanke, tumatir ɗaya a kowace, da baho ɗaya na alayyahu. Ƙasar daga gonar kawuna na ɗebo ta, sawu biyu a baro. Innata ta ce in tumatirin ya kai watan azumi ita ma za ta ba ni tsohuwar randarta.