Ƙaura Ba Tare Da Rufe Kanti Ba

Jama'a da yawa sun san kwamfuta, amma kaɗan ne suka san ana iya raba babba guda ta zama kamar goma ko ashirin, kowace tana aikinta dabam. Waɗannan mu ke kira kwamfutocin kwaikwayo, kuma bankuna da jami'o'i da yawa a kansu su ke ajiye lissafinsu. To, idan babbar tana bukatar gyara, ko wuta ta ɗauke baturi ya kusa ƙarewa, tilas a ƙaurad da ƙananan zuwa wata, ba tare da mai cirar kuɗi ya ji an tsaya ba.

Ga misali. A ce wani attajiri zai tashi daga kasuwar Tudun Wada zuwa Sabon Gari, ya kuwa ƙi rufe kanti. Sai ya sa akawu ya kwafe littafin ciniki cikin sabo. Akawu na kwafa, ciniki na tafiya, shafukan da ya gama suna sākewa, dole ya koma musu. Haka zai yi ta kewayawa har saura kaɗan, sa'an nan a dakatad da ciniki ƙiftawar ido, a ƙarasa.

Haka abin ya ke ga kwamfuta. Masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun bayyana wannan dabara cikin 2005 da manhajar Xen, har suka ƙaurad da wata kwamfutar wasa, tsayawarta ba ta wuce kashi 60 cikin 1,000 na sakan ba.

Amma akwai wuya. Gigabait 8 a kan waya mai gudun gigabit 1 zai ci fiye da minti guda, in kuwa shafuka suna sākewa fiye da saurin waya, akawu ba zai gama ba har abada. Cikin 2009 wani ɗalibi, Michael Hines, da malaminsa Kartik Gopalan, a Jami'ar Binghamton ta Amurka, suka gwada juya al'amarin, watau attajiri ya fara komawa sabon kanti, shafin da ya bukata a aiko masa nan take. Ta haka kowane shafi sau ɗaya za a ɗauka. Haɗarinta kuwa, in waya ta yanke a tsakiya, littafi ya rabu biyu. Wannan hanya ta shiga manhajar QEMU cikin 2015.

Abin da ya sa muka kawo zancen nan shi ne QEMU, wadda Fabrice Bellard na Faransa ya ƙaga cikin 2003, a buɗe ta ke. Kowa na da ikon ya karanta yadda aka tsara ta, ya gyara, ya aika wa masu kula da ita su duba. Kamfanin Google ma tun 2005 ya kafa wani shiri na biyan ɗalibai ladan irin wannan aiki, a haɗa kowanne da gwani mai yi masa jagora.

Yaron da ke zaune a Tudun Jukun, yana karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Nuhu Bamalli, ba ya bukatar izinin kowa. Kwamfuta biyu da waya tsakaninsu sun isa. Ya auna tsawon ƙaura, ya auna tsawon tsayawa, ya sāke abu ɗaya, ya kuma aunawa. Gwanaye za su maido masa da aikinsa sau da yawa, kada ya yi fushi, gama da koyo a kan iya.

Muna roƙon malamai su karɓi irin wannan a matsayin aikin shekarar ƙarshe, maimakon takardun da a ke ɗaurewa a jibge a kabad. Mu da wuta ke yawan ɗauke mana, mun fi kowa bukatar ƙaura mai sauri. Allah ya ba yaranmu himma.