Ciwon Ɓarin Kai Mai Zuwa da Walƙiya

'Yan'uwana mata, cikinku akwai mai ganin walƙiya a idonta, jim kaɗan ɓarin kanta ya ɗauki sara. Kada ki yarda a ce miki iska ce. A 1981 likitoci a ƙasar Danmak suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo. Suka ga gudun jini yana raguwa daga wajen ƙeya, raguwar tana rarrafowa gaba sannu sannu, bayan 'yan sa'o'i kome ya koma daidai.

Amma fa in walƙiyar ta wuce awa guda, ko hannu ya mutu, maza sai asibiti. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa kuwa, lalle ta gaya wa likita tana ganin walƙiyar, domin waɗansu ƙwayoyin kan ƙara mata hatsarin shanyewar jiki.